Baffanta ya ƙwace salular, ga BEPC ta matso, ina zan sa kaina?

Assalamu alaikum Inna. Ni uwa ce daga nan Tawa, ƴaƴa biyar gare ni, maigida yana Abijan wajen biɗa sai dai ya aiko. Ɗiyata ta fari shekararta 15, tana turwaziyem, ajin ƙarshe na kolej, bana za ta yi BEPC, jarrabawar gama kolej ɗin. Da aka koma lakwal mushen lissafi, wato malaminsu, ya buɗe musu grup na WhatsApp, nan yake tura egzarsis da gyaran debuwar, wadda ba ta da salula sai ta riƙa bin ƙawaye tana roƙo. Ta yi ta kuka har babanta ya aiko mata da Android. Da fari na ji daɗi don kullum tana duƙe a kai na ce karatu ne. Sai ga bilten, takardar sakamako, ya fito muwayen ɗinta, wato matsakaicin makinta bisa 20, ta faɗo daga 12 zuwa 9. Wani dare matar wan maigida ta hangi haske cikin sangenta wajen ƙarfe 1, da safe baffan ya karɓe salular, ya iske TikTok da hira da wani yaro ɗan ajinsu, ya kulle ta cikin akwatinshi. Ya ce in ta faɗi BEPC aure zai yi mata, wai dama akwai mai nema. Babanta in na kira shi sai ya ce a bi abin da yaya ya ce, can kuma ya ce ai don karatu ya saya. Yarinya ta daina cin abinci sosai, ba ta yi mani magana. Ni a CE2, aji huɗu na firamare, na bar lakwal, ban jin faransanci, in tana kallon salular ban san karatu ba ne ko shiririta. In je in roƙi baffan ya maida mata, ko in bar shi hakanan?

Wata uwa, Tawa

Wa alaikumus salam ƴar'uwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki. Na karanta saƙonki kuma abin da ya fara tsaya mani a rai shi ne magana biyu aka ɗaure miki wuri guda, ta salula da ta aure, har aka sa ɗaya ta zama hukuncin ɗaya. Sai mun kwance su. Ta salula mai sauƙi ce, cikin mako guda ana iya gyara ta. Ta auren ita ce mai nauyi, zan zo kanta, amma ki riƙe tun yanzu cewa bai kamata makomar yarinya mai shekara 15 ta rataya a kan hasken da aka gani cikin sange ba.

Ɗiyarki ba ƙarya take miki ba da ta ce tana buƙatar salular. Lakwal ta yau ba irin wadda kika bari a CE2 ba ce. Tun lokacin korona a 2020, da aka rufe makarantu a watan Maris, malamai da yawa suka koyi tura darasi ta WhatsApp, kuma da aka buɗe ba su daina ba saboda sun ga yana rage musu wahala. Ke ma kin san yadda azuzuwanmu suke, cike maƙil, littafi guda mutum uku ko huɗu ke leƙe, wanda ke baya ko tablo ba ya gani da kyau, mushe ya goge kafin ka gama kwafa. To da salula yarinya na iya samun hoton darasin da ya wuce ta, ta samu tsoffin tambayoyin BEPC na shekarun baya da gyaransu, ta ga bidiyon wani malami yana bayanin lissafin da ya shige mata duhu ta maimaita shi sau nawa take so ba wanda zai yi mata dariya. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga ɗiya mace, don da yawansu kunya ke hana su ɗaga hannu cikin aji gaban maza su ce ban gane ba, sai su haɗiye su koma gida da shi.

Baffan shi ma ba ƙarya ya yi ba, kar ki ɗauke shi maƙiyi. Likitoci sun ce yaro mai irin shekarunta barcin awa 8 zuwa 10 yake buƙata, wadda ke farke ƙarfe 1 kuma ta tashi da asuba ta yi salla ta yi shara ta ɗebo ruwa ta kama hanyar kolej, me zai zauna a kanta in mushe na bayani? Jikinta ne kawai ke kan benci. Kuma wannan damuwar ba ta Tawa kaɗai ba ce. Faransa tun 2018 ta hana ɗalibai amfani da salula a firamare da kolej, hukumar UNESCO kuma a rahotonta na 2023 ta yi gargaɗi cewa ko salula ta kasance kusa da ɗalibi kawai tana ɗauke mishi hankali, kuma in saƙo ya katse shi yana iya ɗaukar har minti 20 kafin hankalinshi ya dawo kan karatun. Su TikTok ɗin nan da gangan aka ƙera su don mutum ya kasa ajiyewa, wani bidiyon na ƙarewa wani ya hau ba tare da ka nema ba, manyan mata masu jikoki ma tuwonsu na ƙonewa saboda shi. Don haka in ya ci ƙarfin yarinya cikin dare ba ya nufin ta lalace, an dai ba ta abin da ya fi ƙarfinta ba tare da an sa mata iyaka ba, kuma iyakar nan aikin manya ne.

Akwai abu na uku da nake zargi, wanda ba na jin kowa a gidan ya lura da shi, kuma a ganina ya fi TikTok ɗin illa ga bilten. Yaranmu yanzu in an ba su aikin gida, ɗaya ya yi ya ɗauki hoto ya jefa a grup kowa ya kwafe, ko kuma su ɗauki hoton tambayar su ba ChatGPT, na'urar nan mai amsa tambayoyi da ta fito a ƙarshen 2022, ya zubo musu amsa da faransanci mai kyau su juye cikin kaye. Kaye ya yi tsaf, mushe ya sa maki mai kyau, yarinya ita kanta ta ɗauka ta iya, ba wai yaudararki take da niyya ba. Sai ranar debuwar cikin aji, ba salula, kai wayam. Kamar wanda kullum ɗan kabu-kabu ke kai shi unguwa ne, shekara guda yana zuwa amma ran da aka ce ya tafi da ƙafa bai san kwanar da ake shiga ba. Ga shi na'urar ma tana kuskure a lissafi ta faɗe shi da cikakken tabbaci, wanda bai iya ba ba zai gane ba. Ɗakin BEPC kuwa ba a shiga da salula, daga ita sai bik da abin da ke cikin kanta.

Nan ne nake son ki ɗaga kanki, don kin rubuto kamar rashin faransanci ya fid da ke daga maganar baki ɗaya, alhali ke ce kika fi kowa iya sa ido. Ba sai kin karanta ba. Ki zauna kusa da ita a tabarma kina tsintar wake ko wani aikinki, ki dubi hannunta. Mai karatu da salula bik na hannunta, kaye na buɗe, tana dubawa tana rubutu tana gogewa, wani lokaci har tsaki take. Mai kallo kuwa babban yatsa ne kawai ke ture allon sama sama, fuska na murmushi, bik na can ƙasa. Alamomin ma da launi ake gane su, WhatsApp kore ne, YouTube ja, TikTok baƙi. A cikin yawancin Android akwai wani wuri a parametir da aka rubuta Bien-être numérique, yana nuna awa nawa aka yi cikin kowane abu a rana, da alamar kowanne a gefe, ki sa wani ɗan lise na gidanku ko mai gyaran salula ya nuna miki sau ɗaya, lambobi ai kin iya su, gani ya kori ji. Babban gwajin kuma shi ne wanga: in ta ce ta gama egzarsis, ki karɓi salular ki sa cikin zanenki, ki ba ta farar takarda ki ce sake yi mani shi, kina yi kina faɗa mani da Hausa abin da kike yi. Ko ba ki gane lissafin ba za ki gane wadda ke tafiya da wadda ta tsaya tana cizon bik. In ta kasa kar ki yi faɗa, ki ce to mu koma, yau kin san inda ramin yake tun ba a je ɗakin jarrabawa ba.

Kafin ki tunkari baffan ki fara zuwa kolej ɗin da ƙafarki. Na san iyaye mata da yawa na jin nauyin shiga lakwal, suna ganin wurin masu faransanci ne, amma malaman nan Hausa suke ji kuma galibinsu suna murna in uwa ta zo. Ki tafi da bilten ɗin, ki nemi sirbeyan ya haɗa ki da mushen lissafin. Ki tambaye shi a waɗanne darussa ta faɗo, don 9 ɗin nan ba a san ko duka ne suka zube ko guda biyu masu nauyi ne suka ja ta ƙasa ba, kuma daga 9 zuwa 10 da ake nema ba nisa ba ne. Ki tambaye shi ko tana gyangyaɗi a aji, ko makin aikin gida ya sha bamban da na debuwar ɗin cikin aji, in ya ce miki na gida 16 na aji 6 to kin samu amsar abin da na faɗa a sama. Sannan ki tambaye shi sau nawa yake tura abu a mako kuma da wane lokaci, za ki iya iske abin da ake ta rigima a kanshi bai wuce hoto uku ko huɗu ba, wanda minti biyar ta isa a sauke shi. Ki roƙe shi ya sa lambarki ko ta wata babba da kika yarda da ita cikin grup ɗin.

A nan ma zan faɗi ra'ayina ko da wasu malamai za su ji haushi. Mushe ya kyauta da ya buɗe grup, ƙila ma da kuɗin aljihunshi yake sayen mega, amma duk abin da ya zama dole ga ɗalibi ya kamata a rubuta shi a tablo, don a ajin nan akwai ɗiyan da gidansu ko abincin dare sai an yi dabara, balle Android da forfe. In aka mayar da darasi cikin salula kaɗai, an raba aji biyu ke nan. Wannan magana ce da za ki iya kaiwa wurin ƙungiyar iyaye mata ta AME ko kwamitin gudanar da makarantar, ba don ki kai ƙarar kowa ba, don a daidaita, kuma na tabbata ba ke kaɗai ke cikin wannan halin ba. Ki kuma faɗa wa ɗiyarki a fili cewa maganar karatu a grup ake yinta gaban kowa, duk namijin da ya biyo ta gefe cikin dare, ko wane ne shi ko mene ne matsayinshi, ta nuna miki ba za ki dake ta ba.

Yanzu baffan. Kar ki je mishi da cewa ya maida mata, don in ya maida kamar ya janye hukuncinshi ne gaban matarshi da yara, ba zai yi ba, kuma gaskiya ni ma ban goyi bayan a maida mata yadda take a da ba. Ki fara kiran maigida lokacin da ya natsu, ba ta bokal, saƙon murya, ba, ku yi magana baki da baki, ki faɗa mishi abin da mushe ya ce. Ki gane halin da yake ciki shi ma, mutum na nesa ya bar iyalinshi hannun wanshi, ba ya son ya ɓata da mai riƙe mishi gida, shi ya sa yake ba ki magana biyu. To ki sauƙaƙa mishi, ki ba shi abin da zai faɗa wanda ba zai zama saɓa wa yaya ba: Yaya ka kyauta da ka karɓe, yanzu a ba uwarta amana ta riƙe, yarinya ba za ta kwana da ita ba. Bayan ya kira sai ki je ki gaida baffan, in da hali tare da kakar yarinyar ko wata gwaggonta da yake jin nauyi, ki yi mishi godiya tukuna don ya ga abin da ya wuce ki, sannan ki shimfiɗa mishi tsarin, har ki ce duk ƙarshen mako ya duba awannin nan da kanshi in yana so. Namiji irin wannan in ya ga an sa shi cikin tsaron, ya fi sakin hannu.

Tsarin kuwa ba wani mai wuya ba ne. Salular ta zama ta gida, a hannunki take wuni, ba ta zuwa lakwal, ba ta shiga sange. Ki san kod ɗinta. A ba ta bayan la'asar ko tsakanin magariba da isha'i, awa ɗaya ko ɗaya da rabi, a tsakar gida inda kike. Ta kunna konekson ta sauke abin da mushe ya turo da bidiyon darasin da take so, sannan a kashe konekson ɗin ta yi aiki, hakan ma zai rage miki kuɗin mega. TikTok a cire shi har a gama jarrabawa, ki faɗa mata har a gama ne don ta san abin yana da ƙarshe. Ran Lahadi ki bar mata ɗan lokaci ta gaisa da ƙawaye ta kira babanta, in aka toshe ko'ina za ta koma aron ta ƙawa a ɓoye, wannan kuwa ya fi muni don ba ki ganin komai. Wani abu kuma, in zafi ya shigo wuta ta fara ɗaukewa, hujjar da yara ke kawowa ita ce da fitilar salula suke karatu, to cikin kuɗin da baban ya aiko ki cire ki saya mata ƴar fitila mai caji da rana tun yanzu.

Maganar yaron nan ɗan ajinsu, ba ki faɗa mani abin da hirar ta ƙunsa ba, kuma ina jin ke ma ba a karanta miki ba. Ki sa a karanta miki kafin ki yanke komai, wata ƙila rabinta maganar debuwar ce, wata ƙila kuma akwai ƴar soyayya irin ta ƙuruciya. Ko wacce ce, a rufa mata asiri, kar a mayar da ita abin hira a gidan biki. Na lura ɗiyar fari ce, na san akwai kunyar da ke tsakaninku, ko sunanta ba ki kama ba, to in bakinki ba zai iya ba ki sa ƙanwarki ta zauna da ita, ta gaya mata musamman kar ta kuskura ta tura wa kowa hotonta, don abin da ya fita daga salula ba a maido shi.

In kuma baffan ya kafe ya ce ba zai bayar ba, kar ki tada rigima a kan salula har ki rasa ƙarfin da za ki yi babbar maganar da shi. Ana cin BEPC ba Android. Mushe na iya turawa ta salular wata maƙwabciya ko gwaggo a kai wurin fotokopi a fiddo mata a takarda, tsoffin tambayoyin jarrabawa ma ana samunsu a buge, kuma ki gayyato ƙawayenta biyu ko uku masu ƙoƙari su riƙa zuwa gidanku da marece su yi aiki tare kina ganinsu. Wani lokaci ma wannan ya fi, don wadda ta yi wa ƴar'uwarta bayani ba ta mantawa.

To ga mai nauyin. A ƙasarmu Nijar kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin su kai 18, alƙaluman UNICEF ne, kuma sau da yawa haka abin ke farawa, bilten ya ɓaci sau ɗaya sai a ce ai ba ta da kan karatu. Ni ban yarda a yi wa ɗiyarki haka ba, kuma daga yadda kika ambaci CE2 na ji ke ma ba ki so. Wadda ta taɓa kawo 12 tana da kai. Ko ta faɗi bana akwai maimaita aji, akwai sake zama jarrabawar, akwai cibiyoyin koyon sana'a, in kuma ta wuce ga lise ga jami'a nan cikin Tawa ba sai ta bar gari ba. Tun watan Disamba 2017 akwai dokar gwamnati ta kare ɗiya mace da ke cikin karatu, shugaban kolej ya san da ita kuma za ki iya komawa wurinshi in abu ya ƙi, amma ba da ita za ki fara ba, da ubanta za ki fara, shi ne waliyyinta ko yana Abijan. Ki nemi ya furta wa wanshi tun yanzu, ba sai sakamako ya fito ba, cewa ko ta ci ko ta faɗi ba a karɓar kayan kowa sai ya dawo an zauna. In kina ganin zai yi sanyi, ki haɗa da limamin unguwa ko wani dattijo na danginsu da ke son karatun yara. Kuma a daina yi wa yarinyar barazanar, mai karatu da tsoro a zuci ba abin da ke shiga kanta.

Rashin cin abincin nan kar ki yi wasa da shi. Ina jin ba salular kaɗai take wa kuka ba, an tona ta gaban gida kuma ta ji maganar aure, ga shi ba ta san ɓangaren da kike ba. Yau da dare ki zuba abinci a kwano ɗaya ki kira ta ku ci tare, ko ba ki iya doguwar magana ba ki ce mata kin ga kuskurenta amma kina bayanta, gobe kuma za ki je kolej. In mako biyu ya wuce ba ta dawo da cin abinci da barci ba, ko kika ji ta fara maganganun gajiya da rayuwa, ki kai ta likita kar ki jira. Bayan debuwar ɗin da za su yi nan gaba ki sake rubuto mani, ki faɗa mani makin da ta samu cikin aji da abin da baffan ya ce, sai mu ga ko za a ƙara mata lokacin salular ko a rage. Allah ya ba ta sa'a.